Wa ya tsara yadda ake cin wasan? Siyasa da aƙida a wasannin bidiyo na tarihi

A watan Oktoban 2019 kamfanin Activision na Amurka ya fitar da Call of Duty: Modern Warfare, kuma wasan bai daɗe a kasuwa ba ya tayar da ƙura a Rasha. Abin da ya jawo hakan shi ne wani fage da ake kai ɗan wasa kan wata hanya cike da ƙonannun motoci a wata ƙasa ta ƙage mai suna Urzikstan, inda jarumar labarin take bayyana cewa ana kiran wurin Hanyar Mutuwa, domin a nan ne Rashawa suka yi wa mutanen da ke gudun tsira ruwan bama-bamai. Duk wanda ya san tarihin yaƙin Tekun Fasha ya san akwai hanyar da ke amsa wannan suna, wato babbar hanya mai lamba 80 da ta tashi daga Kuwait ta nufi Basra, kuma jiragen Amurka da na ƙawayenta ne suka ragargaji ayarin sojojin Iraƙi da ke janyewa a kanta a ranakun 26 da 27 ga Fabrairun 1991. Waɗanda suka tsara wasan sun kare kansu da cewa ƙasar da labarin duk ƙage ne. Sai dai ɗimbin matasan da aka haifa bayan 1991 a cikin wasan suka fara jin wannan suna, kuma haɗe da sunan Rasha suka ji shi.

Wannan shi ne nau'in saƙon siyasa da ya fi sauƙin ganewa, kuma misalansa suna da yawa. A Call of Duty: Black Ops na 2010 aikin farko da ake ɗora wa ɗan wasa shi ne ya kashe Fidel Castro a lokacin harin da Amurka ta ɗaure wa gindi a Kuba cikin 1961, abin da kafofin gwamnatin Kuba suka yi tir da shi. A Black Ops II na 2012 ɗan wasa yana yaƙi ne kafaɗa da kafaɗa da Jonas Savimbi, madugun 'yan tawayen UNITA na Angola, kuma cikin waɗanda kamfanin ya ɗauka su ba shi shawara har da Oliver North, jami'in sojan da sunansa ya fito a badaƙalar sayar wa Iran makamai a asirce don tallafa wa 'yan tawayen Nikaragua a zamanin Reagan. Abin mamaki, 'ya'yan Savimbi ne suka kai ƙara a Faransa suna cewa an nuna mahaifinsu a matsayin mugu mai son zubar da jini, kotu kuma ta yi watsi da ƙarar a 2016. A 2013 mai rarraba Company of Heroes 2 a Rasha ya dakatar da sayar da shi bayan ƙorafin cewa wasan ya mayar da yaƙin da Tarayyar Sobiyat ta yi da Hitila labarin hafsoshin da ke harbe sojojinsu daga baya. A Faransa kuma ɗan siyasa Jean-Luc Mélenchon ya kira Assassin's Creed Unity na 2014 farfaganda a kan talakawa, saboda yadda ya nuna juyin juya halin 1789 tamkar haukan gungun mashaya jini.

Waɗanda aka saba nunawa a matsayin abokan gaba su ma ba su naɗe hannu ba. A Dimashƙu an fitar da Under Ash a 2001, wanda jaruminsa matashin Bafalasɗine ne a lokacin intifada ta farko, wato boren Falasɗinawa kan mamayar Isra'ila. A Biyetnam an yi 7554 a 2011 don tunawa da ranar 7 ga Mayun 1954 da aka ci Faransa a Dien Bien Phu. A Rasha kuma wata cibiya da gwamnati ke ba kuɗi ta ɗauki nauyin Smuta na 2024, wanda ya koma ga korar Polandawa daga Mosko a 1612. Rundunar sojan Amurka kanta ta shekara 20, daga 2002 zuwa 2022, tana rarraba America's Army kyauta domin jawo matasa shiga soja, kuma an tsara shi ta yadda kowace ƙungiya cikin biyun da ke fafatawa take ganin kanta a kakin Amurka, ta ga ɗaya ɓangaren a shigar abokan gaba. Irin waɗannan wasanni ba su ɓoye inda suka dosa, kuma da zarar an yi ta ce-ce-ku-ce a kansu, mai buga su yakan shiga da shirinsa.

Saƙon da ya fi tasiri, a ganina, yana zaune ne a wurin da ba a cika yin gardama a kansa ba, wato cikin ƙa'idojin wasan. Masanin wasanni ɗan Amurka Ian Bogost ya yi bayani tun 2007 cewa wasan kwamfuta yana gamsar da mutum ne ta hanyar tsarin da yake tilasta masa ya bi, fiye da ta maganganun da ake faɗa masa. Mai karanta littafin tarihi yana iya tsayawa ya ce bai yarda da marubucin ba, ya kuma ci gaba da karatunsa. Mai buga wasa kuwa idan ya ƙi yarda da ƙa'ida cinye shi za a yi, don haka yakan koye ta, ya gwanance a kanta, ya maimaita ta sau ɗaruruwa har ta zame masa jiki. A wasan dara babu wanda yake tambayar dalilin da ya sa jera uku shi ne ci, kowa ya tarar da hakan ne ya kuma ɗora dabararsa a kai. Bambancin shi ne dara ba ta ce tana koyar da yadda al'ummomi suke tashi da faɗuwa ba, wasannin tarihi kuwa abin da suke tallar kansu da shi ke nan.

Babu wasan da ya fi Civilization dacewa da wannan bincike. Sid Meier ya fitar da na farko a 1991, kuma har yau ginshiƙinsa bai sauya sosai ba. Ana farawa a shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, da 'yan ƙaura ƙalilan a tsakiyar taswirar da duhu ya rufe. Ɗan wasa ya kafa birni, ya aika masu leƙen ƙasa su yaye duhun, ya mamaye duk filin da ya samu kafin wani ya riga shi, ya tono ma'adinai, ya sare daji, sannan ya hau matakan fasaha ɗaya bayan ɗaya, daga tukwane da rubutu zuwa albarushi da jirgin ƙasa har zuwa makamin nukiliya. Ana cin wasan ta hanyar murƙushe sauran al'ummomi, ko ta riga su tura kumbo sararin samaniya, ko kuma, a fitowar baya, ta mamaye su da al'ada ko addini ko ƙuri'a a majalisar duniya. Tun 1993 wani marubucin mujallar wasanni, Alan Emrich, ya taƙaita wannan nau'i na wasa da ayyuka huɗu: bincike ƙasa, faɗaɗa iyaka, tatsar arziki, da shafe abokin hamayya.

Idan aka dubi abin da wannan tsari ya ɗauka a matsayin gaskiyar da ba ta buƙatar hujja, za a ga abubuwa masu nauyi. Ƙasar da ba a gina birni a kanta ba ana lissafa ta a matsayin fanko mai jiran mai rabo, wanda shi ne ainihin uzurin da Turawa suka kafa wajen ƙwace Ostareliya da manyan sassan Amurka. Mutanen da ke zaune a irin wannan ƙasa ba tare da birni ba, tun daga wasan farko har zuwa na shida, an sa su ne a rukunin baubayi mahara waɗanda kusan babu abin yi da su sai kisa, ko kuma ƙauyawan da ake shiga bukkarsu a karɓi kyauta su ɓace daga taswira. Makiyayi mai yawo da dabbobinsa ba shi da gurbi a matsayin mai tarihi sai ya zauna ya yi ganuwa. Ci gaba kuma hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, tashoshinta su ne waɗanda Yammacin Turai da Amurka suka bi, ta yadda Mali ko Sin ko Aztek za su iya yin nasara, amma sai sun bi sawun Ingila tasha bayan tasha, sun kuma riga ta isa.

Har tsarin mulki an mayar da shi lissafi, kuma a lissafin ne ra'ayin masu tsarawa yake fitowa fili. A wasan 1991, shekarar da Tarayyar Sobiyat ta wargaje, gwamnatin dimokuraɗiyya ba ta da cin hanci ko kaɗan: duk kuɗin da birni ya tara yana isa baitulmali ba tare da ko anini ya salwanta ba. Mai karatu a Abuja ko Yamai zai iya auna wannan da abin da ya sani. A Civilization II na 1996 an ƙara gwamnatin masu tsattsauran ra'ayin addini, wadda a ƙarƙashinta talakawa ba sa taɓa yin bore, ana samun mayaƙa masu arha, amma binciken kimiyya yana raguwa da rabi. Babu inda wasan ya tsaya ya yi wa kowa lacca a kan addini da ilimi. Lamba kawai ya sa, kuma duk wanda ya buga shi ya fita da darasin a kansa ko da bai taɓa furta shi ba.

Waɗanda suka fi saurin gane wannan su ne al'ummomin da aka saka cikin wasan da sunan karramawa. A farkon 2018, lokacin da kamfanin Firaxis ya sanar da cewa zai saka al'ummar Cree ta Kanada cikin Civilization VI ƙarƙashin shugabanta na ƙarni na 19, Poundmaker, wani jagoran al'ummar mai suna Milton Tootoosis ya fito ya ce ba a tuntuɓe su ba, kuma wasan yana yaɗa tatsuniyar cewa 'yan asalin ƙasar suna da ɗabi'a irin ta 'yan mulkin mallaka, ta cin wasu da yaƙi da ƙwace musu ƙasa. Ƙorafinsa bai tsaya kan hoton Poundmaker ko tufafinsa ba, domin an ma nuna shi a matsayin mai son zaman lafiya da ciniki. Abin da ya dame shi shi ne an sa kakansa cikin gasar da ba za a iya cin ta ba sai da halin waɗanda suka ɗaure shi a 1885. Shekaru biyar kafin nan, dattawan al'ummar Pueblo sun ƙi amincewa a saka jagoransu Popé da harshensu cikin Civilization V, kamfanin kuma ya janye.

Adalci ne a faɗi cewa yawancin wannan bai samo asali daga wata maƙarƙashiya ba. Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da za a iya ƙirgawa, wasa kuma yana buƙatar mai ci da wanda aka ci, kuma faɗin ƙasa da yawan zinariya da adadin sojoji sun fi sauƙin ƙirgawa a kan adalcin alƙali ko zurfin karatun malami ko amanar da ke tsakanin fatake. Amma zaɓen abin da za a ƙirga shi kansa hukunci ne a kan abin da yake da daraja, kuma mutanen da suka yi zaɓen sun taso ne da wani labari na yadda duniya ta zama yadda take. Suna zuba shi cikin lissafi ba tare da sun ji suna faɗin wani ra'ayi ba, domin a wurinsu haka abin yake.

Kamfanin Paradox na Suwidin ya fi kowa ƙoƙarin bin tarihi daki-daki, shi ya sa matsalar ta fi bayyana a wasanninsa. Europa Universalis IV, wanda ya fito a 2013 kuma yake ɗaukar shekarun 1444 zuwa 1821, ya raba duniya rukuni-rukuni, ya sa fasaha ta fi tsada ga duk wanda ba Baturen Yamma ba, har ya zamana hanyar da ƙasar Afirka ko Asiya za ta bi ta tsira ita ce ta danna wani maɓalli da ke mayar da ita mai tsarin Turawa, ta jure rikicin da zai biyo baya. A 2016 an cire wannan aka kawo tsarin wasu sauye-sauye da ke tsirowa a wuri guda su bazu, amma na farko-farkonsu, kamar farfaɗowar ilimi da injin ɗab'i, a Turai suke tsirowa, don haka ratar ta ragu ba tare da ta gushe ba. A Victoria II na 2010 an raba ƙasashe zuwa wayayyu da marasa wayewa, Sakkwato tana cikin na biyu. Victoria 3 na 2022 ya sauya wannan zuwa ƙasashen da manyan dauloli suka amince da su da waɗanda ba su amince da su ba, wanda gyara ne mai ma'ana, domin ya mayar da aibin daga kan ƙasar zuwa kan idon da ke kallonta.

Akwai kuma siyasar shiru, wadda ta fi wuyar warwarewa. Sid Meier's Colonization na 1994, da sabuntawarsa ta 2008, sun ba ɗan wasa damar noman rake da taba da auduga a nahiyar Amurka ya kai Turai ya sayar, amma babu cinikin bayi a ciki, alhali kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa daga Afirka, galibi domin irin wannan noma. Europa Universalis IV ya saka bayi, amma a matsayin haja mai farashi, a jeri ɗaya da hauren giwa da gishiri. Wani kamfanin Denmark da ya yi wasan koyar da yara tarihin cinikin ya saka wani sashe da ake jera bayi a cikin jirgi kamar bulo don a ga nawa za su shiga, sai da aka yi masa ca a 2015 ya cire. Mai tsara wasa a nan yana tsakanin gaba kura baya sayaki: idan ya cire abin ya wanke tarihi, idan ya saka shi cikin ƙa'ida ya mayar da shi dabarar samun maki wadda ɗan wasa zai ƙware a kanta. Kuma wannan tambaya ba Turawa kaɗai take jira ba, domin duk wanda zai tsara wasa na gaskiya a kan Kano ko Zazzau ta ƙarni na 19 zai tarar da rinji da bayin sarki a gabansa, dole kuma ya yanke abin da zai yi da su.

Hearts of Iron IV na 2016, shi ma na Paradox, ya zaɓi shiru ɗungurungum. Mutum zai iya jagorantar Jamus daga 1936, ya tsara masana'antu da layin dogo da rundunonin tankoki, ya ci Poland da Yukren, ba tare da ya taɓa cin karo da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6 ba. Dalilin kamfanin abin fahimta ne, domin babu mai hankalin da zai so a yi maɓallin kisan kiyashi. Sakamakon dai shi ne wata Jamus ta 'yan Nazi wadda ba ta da wani aibi sai son faɗaɗa ƙasa, irin hoton da tsofaffin janar-janar ɗin Hitila suka yi ta ƙoƙarin sayarwa a littattafansu bayan yaƙi, wanda masana tarihi suka daɗe da rusa shi.

Gwamnatoci da kasuwa su ma suna da hannu a abin da ke isa allon ɗan wasa. A 2004 hukumomin Sin sun haramta Hearts of Iron na farko saboda taswirarsa ta nuna Tibet da Xinjiang da Manchuria a matsayin ƙasashe masu cin gashin kansu, Taiwan kuma a hannun Japan. A 2020 an cire hoton zanga-zangar dandalin Tiananmen ta 1989 daga tallar Black Ops Cold War bayan an toshe ta a Sin. A Jamus sai a watan Agustan 2018 aka fara barin alamun 'yan Nazi su bayyana a wasanni idan akwai dalili na ilimi ko fasaha, kafin nan har gashin bakin Hitila an aske a Wolfenstein II da aka sayar a ƙasar. Duk da haka manyan kamfanoni sun fi son su ce ba ruwansu da siyasa, domin mai saye na kowane ɓangare kuɗinsa ɗaya ne. Shugaban kamfanin da ke fitar da Six Days in Fallujah, wasan da aka gina a kan farmakin da sojojin Amurka suka kai birnin Falluja na Iraƙi a Nuwamban 2004, ya faɗa a 2021 cewa ba sharhin siyasa suke yi ba, amma cikin 'yan makonni kamfanin ya dawo ya amsa cewa ba a iya raba abin da ya faru a birnin da siyasa.

A 'yan shekarun nan ƙasar Hausa ta shiga waɗannan wasanni, kuma a nan ne maganar ƙa'ida ta fi shafar mai karanta wannan. A watan Agustan 2021 Age of Empires III ya ƙara al'ummomi biyu na Afirka, Habasha da Hausa. An yi bincike a aikin, ba za a hana su wannan ba: akwai mahaya 'yan lifidi, irin sulken auduga da Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya shigo da shi wajen farkon ƙarni na 15, akwai kasuwar dabbobi, akwai makarantar ilimi mai zurfi da ke ƙara wa gari martaba, kuma ana hawa daga zamani zuwa zamani ta hanyar ƙulla ƙawance da maƙwabta. Matashin da ya saba ganin Afirka a wasa a matsayin daji ko sansanin 'yan tawaye yana da dalilin jin daɗi idan ya ga wannan.

Sai dai wasan yana buƙatar kowace al'umma ta zo da shugaba ɗaya da babban birni ɗaya da tuta ɗaya, saboda haka aka naɗa Sarauniya Amina ta Zazzau shugabar Hausawa duka, aka ba ta Kano a matsayin cibiya, aka kuma sa maharba Fulani cikin rundunarta. Ƙasar Hausa kafin jihadi ba ta taɓa zama daula guda ba. Kano da Katsina sun shafe tsararraki suna gwabzawa a kan hanyoyin fatauci, Gobir ta ci Zamfara ta kafa Alƙalawa a ƙasarta, Kebbi ta Kanta ta yi nata zamanin, kuma abin da ya haɗa waɗannan birane shi ne harshe da kasuwa da malamai da auratayya, waɗanda suka yi ta ratsa iyakoki ba tare da sarki ɗaya a sama ba. Wannan shi ne abin da ya fi ban sha'awa a tarihin, kuma shi ne abin da ƙa'idar wasan ba za ta iya ɗauka ba, domin an gina ta ne a kan tunanin Turai na ƙarni na 19 cewa kowane harshe al'umma ce, kowace al'umma kuma ƙasa ce mai fada ɗaya. A wannan fanni Europa Universalis IV ya fi kusa da gaskiya, tunda ya bar Kano da Katsina da Zazzau kowacce da sarkinta, ko da yake shi ma ladan da ya tanadar wa ɗan wasa yana ga haɗiye sauran.

Civilization VII, wanda ya fito a Fabrairun 2025, shi ma ya saka Amina cikin shugabanninsa, da fifiko a kasuwanci da yaƙi. Tarihin Kano ya ce ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe kuma ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, don haka ba a yi mata ƙage ba da aka nuna ta mayaƙiya mai tara dukiya. Amma a fitowar wasan ta farko babu Hausa cikin al'ummomin da ake zaɓa, abin da wasan ya ba da shawara shi ne a haɗa ta da Aksum ta Habasha a zamanin farko, da Songhai a na tsakiya, da Buganda ta Yuganda a na ƙarshe, kamar dai Afirka unguwa ɗaya ce da kowa zai iya gadon kowa. Hanyar cin zamanin tsakiya ta fuskar arziki kuma, a wannan fitowar ta farko, ga yawancin al'ummomi, ita ce a haye teku a kafa garuruwa a ƙasashe masu nisa a riƙa turo jiragen dukiya gida, wato tarihin Sifen da Fotugal aka mayar da shi jarrabawar da kowa zai zauna.

Misalin da ya fi ba ni mamaki yana cikin Crusader Kings III na 2020. A cikinsa ana iya farawa a shekarar 867 a matsayin Daurama ta Daura, wadda labarinta ya zo mana ta baka tare da na Bayajidda da rijiyar Kusugu, an kuma ba ta bori a matsayin addininta. Wasan ya tanadi lambar yabo ta musamman ga wanda ya fara da ita, kuma sharaɗin samun lambar shi ne zuriyarta su kama wurare masu tsarki, su tsara addinin gargajiya ya zama mai hukuma da rukunai, sannan su juyar da Afirka baki ɗaya zuwa gare shi. Bori kuwa, kamar yadda kowa ya san shi a ƙasar Hausa, harka ce ta iskoki da girka da neman waraka, bai taɓa aika masu wa'azi ko runduna don a karɓe shi ba, kuma ya zauna ɗaruruwan shekaru a gefen Musulunci cikin garuruwa ɗaya, wani lokaci cikin gida ɗaya, duk da sukar da malamai suke yi masa. Wasan ya san siffa ɗaya ce kawai ta addinin da ya yi nasara, wato wadda ya ɗauko daga cocin Turai na zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, shi ya sa karramawar da ya iya yi wa Daurama ita ce ya ba ta damar zama fafaroma.

A Victoria 3 ana iya ɗaukar Sakkwato daga 1836, kuma gwanin ɗan wasa zai iya hana Ingila cin ta. Yadda zai yi hakan sananne ne: ya gina masana'antun ƙarfe da na bindiga, ya shimfiɗa layin dogo, ya karya ƙarfin masu filaye da malamai a majalisa, ya mamaye maƙwabta har ya samu bakin teku, sannan ya tilasta wa manyan dauloli su amince da shi. Idan ya kasa aka haɗiye ƙasar, wasansa da ita ya ƙare, domin shi gwamnati yake bugawa, mutanen kuwa lambobi ne da za su koma lissafin wani. Abin da ya faru a zahiri ya fi wannan faɗi. Bayan Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato kuma a ranar 15 ga Maris, manyan daular sun rabu a kan tambayar da malamai suka yi ta muhawara a kanta da hujjoji na shari'a, wato ko a ci gaba da yaƙi, ko a yi hijira, ko a zauna ƙarƙashin Nasara domin a tsare addinin jama'a. Waziri Buhari ya zauna ya yi sulhu, ya kuma rubuta dalilansa. Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas, dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi, aka kashe shi a Burmi a ranar 27 ga Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kuma ya ci gaba da sauran har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau. Cikin waɗannan zaɓuɓɓuka uku da mutanen 1903 suka ɗauka da nauyin rai da lahira, na farko kaɗai wasan ya tanadar wa maɓalli da maki.